Ko Kun Sani? Kirsimetin Japan da Soyayyar Kaza

A Japan, inda Kiristoci ba su wuce kashi 2 cikin 100 na jama'a ba, kuma Kirsimeti ba ranar hutu ba ce, abincin da ya fi tashe a daren bikin shi ne soyayyar kazar KFC. Kamfanin ya buɗe shagonsa na farko na Japan a birnin Nagoya a 1970, sai a 1974 ya baza tallar cin kaza ranar Kirsimeti a faɗin ƙasar, kuma talla ta karɓu. Talotalon da Turawa ke gasawa yana wuyar samu a can, gidaje da yawa ma ba su da tanderun da zai ɗauke shi. Yau wanda bai yi odar kazarsa makonni kafin ranar ba, sai ya bi dogon layi cikin sanyi.

Girkin gargajiya na gaske sai Sabuwar Shekara. Osechi ake kiransa: baƙin wake mai zaƙi don fatan lafiya, ƙwan kifi don yawan zuri'a, a jera su cikin akwatuna masu hawa-hawa. Akan dafa shi tun shekara ba ta ƙare ba, domin uwargida ta huta da murhu kwana uku, dabarar da ta cancanci yabo. Yanzu dai da yawa saye suke yi a manyan kantuna.

A watan Disamba kuma ana aika kyautar godiya mai suna oseibo ga iyaye, malamai da abokan hulɗa, kuma galibi kayan abinci ne, har da man girki.