Waɗanda Suka Ƙi Tsallaka Kogi

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum tsakanin sojojin Janar Abdulfatah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti. Duk mai hali ya kama hanya. Ofisoshin jakadanci suka kwashe mutanensu, ɗalibanmu na Najeriya ma aka loda su a motoci zuwa iyakar Masar. A unguwar Shajara kuwa, kudu da tsakiyar birnin, wasu sistoci biyar 'yan Katolika na ƙungiyar Salesiya suka yi zamansu a gidansu mai suna Dar Mariam, inda suke koyar da 'ya'yan talakawa. Daga baya Fada Jacob Thelekkadan, mutumin Indiya, shugaban makarantar koyon sana'a ta Saint Joseph, ya dawo wurinsu.

Wurin ba na zama ba ne. Gidan yana kusa da barikin tankokin yaƙi na soja, wanda RSF ta ɗaura ɗamarar ƙwacewa ko ta halin ƙaƙa. Amma ginin siminti ne, maƙwabta kuma ba su da rufin da zai tare harsashi. Sai mata da yara suka yi ta shigowa, yawancinsu 'yan Sudan ta Kudu marasa kuɗin mota, har aka kai mutum wajen 80.

Ranar 3 ga Nuwamba bam ya faɗa wa benen gidan, ya rushe ɗakuna, ya ji wa wasu rauni, amma ba a rasa rai ba. Ranar 10 ga Disamba ƙungiyar agaji ta Red Cross ta turo ayarin motoci don fitar da fararen hula daga unguwar. Aka buɗe wa ayarin wuta, mutum biyu suka mutu, bakwai suka jikkata. Motocin suka juya, ɓangarorin biyu kowa yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi.

Daga nan yunwa ta shigo da ƙafar dama. Kowane Kirista ya san labarin gwauruwar nan ta Zarefat, wadda garinta da manta ba su ƙare ba a zamanin annabi Iliya. A Dar Mariam kuwa abinci raguwa ya yi ta yi a gaban idonsu. Manya suka riƙa tsallake cin abinci don yara su samu. Fada Jacob, dattijo mai shekara 69, ya rame har sai da ya huda sabbin ramuka a bel ɗinsa don wando ya tsaya. Sistocin suka koma dafa wa yara ganyen bishiya. Bahaushe zai ce to mene ne a ciki, ai mu ma muna cin zogale da rama. Sai dai kwaɗonmu da ƙuli-ƙuli yake, da mai da albasa, marmari ne. Nasu na toshe bakin yaro ne kada ya kwana yana kuka.

Duk da haka ba a fasa sujada da safe ba, ba a ajiye carbi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hanyar fita tana nan. Kogin Farin Nilu yana dab da su, Omdurman tana ƙetare, sojoji kuma sun yi wa Fada da sistocin tayin tsallakar da su. Sharaɗin dai shi ne iyalan nan su zauna. Suka ce a'a. A shekarar 2024 Fada ya shaida wa kamfanin dillancin labarai na Reuters cewa a shirye suke su tafi da zarar hanya ta yi kyau, amma tare da jama'a. Mutum yakan ce ya dogara ga Allah idan dabara ta ƙare masa. Waɗannan da dabarar a hannunsu suka ajiye ta, sun kuma san abin da ke cikin tukunya.

Sai a farkon Agusta 2024, bayan kusan wata 16, sojoji suka tsallaka da su zuwa Omdurman tare da wasu daga cikin 'yan Sudan ta Kudu da suka fake a gidan. Yaƙin cikin Khartoum bai lafa ba sai a Maris 2025, lokacin da soja ya ƙwato fadar shugaban ƙasa da filin jirgin sama.