Fi'ilin "Tener" Cikin Harshen Sifaniyanci

Hausa ba ta da wani fi'ili na musamman wanda ke nuna mallaka. Da kalmar "da" mu ke biyan wannan bukata, mu ce ina da doki, yana da gona. Mutanen Sifaniya kuwa suna da shi, watau tener, wanda asalinsa daga tenere ne na Latin, ma'anarsa riƙe abu da hannu. A dā wani fi'ili dabam ne, haber, ke wannan aiki, kamar yadda ɗan'uwansa avoir ke yi cikin Faransanci har yau. Sannu a hankali tener ya ture shi, ya zamana kafin ƙarshen ƙarni na 17 haber ya koma mai taimakon waɗansu fi'ilai, da kuma faɗin akwai, watau hay.

To, abin da ya fi ban sha'awa shi ne irin abubuwan da su ke "riƙewa". Inda Bahaushe zai ce ina jin yunwa, sai su ce tengo hambre, ina da yunwa. Haka ƙishirwa, tengo sed. Barci, tengo sueño. Tsoro, tengo miedo. Mu ji mu ke yi, su mallaka su ke yi. Amma a lura: tengo frío, ni ne ke jin sanyi, in garin ne ya yi sanyi, sai a ɗauko wani fi'ili a ce hace frío. Nan masu koyo kan yi tuntuɓe. Shekaru ma mallaka ne, tengo veinte años, shekarata 20. Akwai kuma inda harsunan biyu suka yi daidai kamar an gwada: tienes razón, kana da gaskiya.

In an haɗa shi da que sai ya nuna tilas: tengo que ir, dole in tafi.

Tsohuwar ma'anar nan ba ta mutu ba. Mai miƙa wa yaro abu yakan ce ten, in babba ne tenga, daidai da "ungo" tamu. Cokali mai yatsu sunansa tenedor, watau mariƙi, teniente kuwa laftana ne na soja, mai riƙon wuri a madadin na gaba da shi.