Dokar Muhalli Tana Jiran 'Ya'yan Briqueterie

Duk wanda ya yi damina ko da ɗaya ce a Briqueterie ya san halin da ake shiga idan ruwa ya sauko da ƙarfi. Kwatoci su toshe da leda da robobi, rafin Ekozoa ya tumbatsa, ya kwashi sharar unguwa ya gangara da ita Mfoundi, kafin ka ce kwabo masu shaguna a Avenue Kennedy sun fara kwashe kaya. Washegari a taru a ƙofar masallaci ana Allah ya kyauta, daga nan kowa ya kama gabansa.

To, jama'a, abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, wannan magana tana da doka. Tsarin mulkin Kamaru na 18 ga Janairu 1996 ya ba kowane mutum haƙƙin zama a muhalli mai lafiya, ya kuma ɗora wa kowa nauyin kare shi. A ran 5 ga Agusta na shekarar aka sa hannu a doka mai lamba 96/12, wadda ita ce uwar dokokin muhalli a ƙasar nan. Ita ta tilasta wa mai babban aiki ya binciki illar da aikinsa zai yi wa mutane da ƙasa kafin ya sa diga. Sashe na 8 kuwa, wanda ni a ganina ya fi shafarmu, ya ba al'ummar wuri da ƙungiyoyin da hukuma ta amince da su damar shiga shari'a su nemi diyya idan an karya dokar. Sai dai fa dama ce a kan takarda, domin kuwa sai da wanda ya iya karanta ta, ya iya rubuta ƙara, ya kuma iya tsayawa gaban alƙali.

Alal misali, tun Afrilun 2014 aka hana siririyar ledar nan wadda ba ta ruɓewa. Je ka sayi tsire yau da dare ka ga abin da za a ƙunsa maka a ciki. Na taɓa tambayar 'yan ajina ko sun san an hana ta, suka yi ta dariya, ɗaya ya ce ai babansa dilanta ne.

Wannan ilimi kuwa ba a wata uwa duniya yake ba. Ga Jami'ar Yawunde ta Biyu a Soa, inda ake karatun shari'a tun 1993. Farfesa Maurice Kamto ya wallafa littafi kan dokar muhalli a Afirka tun 1996. Samuel Nguiffo, masanin shari'a da ya jagoranci cibiyar CED a nan Yawunde, ya karɓi lambar yabo ta Goldman a 1999 saboda gwagwarmayar da ya yi kan dazuzzuka da mazaunansu. Jami'ar Limoges ta Faransa ta horar da 'yan Afirka da dama a wannan fanni ta karatu daga nesa. Haka nan tun da Kamaru ta shiga Commonwealth a 1995 ƙofar tallafin karatu a Ingila ta ƙara buɗewa. Tallafin Chevening, misali, yana neman mai digiri wanda ya yi aikin shekara biyu kuma ya iya Ingilishi. A nan 'ya'yanmu da suke da 'yan'uwa a Bamenda ko Nijeriya suka fi wasu sa'a, in da sun sani.

Ga kuma batun wuta. Dokar lantarki ta Disamba 2011 ta yi tanadi kan makamashi mai sabuntawa, an kafa tashoshin hasken rana a Maroua da Guider, madatsar Nachtigal mai megawat 420 ta kammala a 2025. Amma telan Briqueterie da wuta ta ɗauke masa ana saura kwana uku Sallah ba shi da kowa a teburin da ake tsara waɗannan abubuwa, balle mai suya da ke kwana yana shaƙar hayaƙin itace.

Na san abin da iyaye za su ce: yaro ya ƙare sakandare, shago yana jiransa, karatun shari'a kuwa dogo ne ga tsada. Gaskiya ne, ni ma albashin malami nake ci. Amma unguwar da take iya tara kuɗin biki da na gyaran masallaci cikin mako guda ba za ta kasa ɗaukar nauyin yara biyu zuwa Soa ba, mace da namiji. Maganar tana wurin limamai da shugabannin ƙungiyoyin teloli da mahauta, tun kafin rajistar jami'a ta bana ta wuce.