Kukan Kunne: Hanyoyin Samun Sauƙi a Gida

Kukan kunne shi ne jin ƙara ko ƙugi ko fito a cikin kunne alhali babu abin da ke yin sautin a waje. Yawanci alama ce ta wata matsala: daɗewa cikin hayaniya kamar ta injin niƙa ko janareta, tsufa, toshewar kunne da datti, hawan jini, ko shan magunguna irin su kwinin da asfirin da yawa.

Ya fi tsananta da dare, sa'ad da gari ya yi tsit. Shi ya sa barin fanka tana juyawa, ko kunna rediyo ƙasa-ƙasa, kan rage damuwa, domin hankali yakan koma kan sautin waje. Isasshen barci da kwanciyar hankali ma suna taimakawa. Mai aiki kusa da inji ya riƙa toshe kunnuwansa.

Sosa kunne da tsinken ashana ko gashin kaza kuwa ɓarna ce, yana iya huda dodon kunne. Haka ɗiga mai ko ruwan ganye ba tare da an duba kunnen ba.

Idan kukan a kunne ɗaya ne, ko yana bugawa tare da zuciya, ko ya zo da jiri ko raguwar ji kwatsam, a gaggauta ganin likita.