Yadda ake tsaftace harmonika ba tare da ta fara yoyon iska ba

Harmonika ƙaramar abin busa ce da ke shiga aljihu, kuma lafiyarta gaba ɗaya ta dogara ne a kan abu ɗaya: duk iskar da mai busa ya hura ko ya zuƙa ta bi ta kan harsunanta, kada ta sulale ta gefe. Da zarar ta fara yoyon iska, muryarta za ta dushe, mai busa kuma ya riƙa haki. Sau da yawa wajen wankewa ake jawo mata wannan lahani.

Wadda aka fi sani tana da ramuka 10 da siraran harsunan ƙarfe 20, waɗanda aka kafa a kan faranti biyu. Tsakanin farantan akwai ginshiƙi mai haƙora kamar mataji, sannan murafe biyu daga waje. Wurin da faranti ya haɗu da matajin nan ne iska ke samun kafar tsira.

Don haka kafin wanki, sai a duba da me aka yi matajin. Samfurin Marine Band, wanda kamfanin Hohner na garin Trossingen a Jamus ya fito da shi a 1896, na katako ne, kuma da ƙananan ƙusoshi aka haɗa shi. Katako idan ya sha ruwa kumbura yake yi, in ya bushe ya tsuke ya bar kafa. Wasu tsofaffin mabusan blues na Amurka sun saba jiƙa tasu a ruwa don ta ƙara ƙarfi. Takan yi ƙarfin na ɗan lokaci, sannan ta lalace. Irin wannan sai dai a kankare dattin ramukanta da tsinke bayan ya bushe.

Mai matajin roba, kamar Special 20, tana jure ruwa. A kwance ta, a wanke matajin da ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan sabulu, a goge farantan da burushi mai laushi, daga gindin harshe zuwa bakinsa. Gogewa a gicciye tana karkatar da harshe. Kada a mayar da komai sai ya bushe sarai.

Wajen haɗawa ake bukatar haƙuri. A fara ɗaure sukuran tsakiya, a tafi zuwa gefe, kaɗan-kaɗan. Ɗauri mai tsanani yana lanƙwasa faranti, ya buɗe kafar da ake ƙoƙarin toshewa.

Rigakafi dai ya fi magani. A kurkure baki kafin busa, domin ɓurɓushin abinci da zaƙin abin sha suna liƙe harsuna. Bayan an gama, a bubbuga ta a tafin hannu ramukan na kallon ƙasa don yawu ya fita, a bar ta ta sha iska, sannan a saka ta a gidanta.