Haɗin 'ya'yan itatuwa mai ƙanƙara: Asalinsa da yadda ake yinsa a gida ba tare da barasa ba

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke tsananta a Yauri, Ngaski da Shanga, kasuwar ƙanƙara da kayan sanyi kan buɗe sosai. Lokacin ya kuma dace da kakar mangwaro, ga kankana jibge a bakin titi. A 'yan shekarun nan hotunan wani irin haɗi mai kauri, mai launin rawaya ko ja, sun cika kafofin sada zumunta, matasa da matan aure na kwaikwayo. Sai dai da yawa ba su san cewa ainihin wannan haɗi da barasa ake yinsa ba.

Daga ina ya samo asali?

Ɗaya daga cikin shahararrun irin waɗannan haɗe-haɗe shi ne daiquiri, wanda ya samo sunansa daga wani ƙauyen masu haƙar ma'adinai kusa da birnin Santiago a ƙasar Kuba. Kayan haɗinsa uku ne: ruwan lemon tsami, sukari da wata barasa da ake kira rum. A shekarun 1930 ne wata mashaya mai suna El Floridita a birnin Havana ta yi suna wajen markaɗa shi da ƙanƙara. Ɗan uwansa shi ne piña colada, na abarba da madarar kwakwa, wanda tsibirin Puerto Rico ya ayyana a matsayin abin shansa na ƙasa a 1978.

Ita rum daga rake ake samunta. Ana tsima ruwan raken ko kuma baƙin maɗin da ke saura bayan an tace sukari, sannan a tatso barasar ta hanyar tururi. Yawanci kashi 40 cikin 100 na abin da ke cikin kwalbar tsantsar barasa ce.

A nan ne ya kamata ɗan kasuwa ko ma'aikacin da tafiya ta kai shi otal a Legas ko Abuja ya lura. Zaƙi da sanyi kan ɓoye ɗanɗanon barasa, har mutum ya sha bai farga ba. Idan babu kalmar "virgin" a gaban sunan haɗin, akwai yiwuwar da barasa a ciki, don haka tambaya ta zama wajibi. A Jihar Kebbi kuwa, wadda ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, shan barasa laifi ne ga Musulmi.

Yadda ake haɗa shi

Cire barasar ba ya rage wa haɗin armashi, domin sirrinsa yana ga daidaita zaƙi da tsami. Ga abin da zai ishi mutum biyu: nunannen mangwaro manya biyu, lemon tsami biyu, mazarƙwaila ko sukari cokali biyu, da ƙanƙara kofi ɗaya.

Da farko a fere mangwaron, a yanka ƙanana, a sa a firiza na awa huɗu zuwa shida. Daskarar da shi ne ke ba da kauri, saboda ƙanƙara mai yawa kan tsinka haɗin idan ta narke. Sai a narkar da mazarƙwailar a ɗan ruwan zafi, a bari ta huce, domin sukari ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi. Mazarƙwaila ta fi dacewa, tun da daga rake ta fito, tana ɗauke da ƙamshin da ake nema. A zuba duka a na'urar markaɗe, ruwa-ruwan a ƙasa, a markaɗa na kimanin minti ɗaya. Mai so yana iya ƙara 'yar ɗanyar citta, ko ya musanya mangwaro da kankana, gwanda ko abarba.

Abin kiyayewa

Duk da cewa madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, tana maƙwabtaka da yankin, wutar lantarki ba ta da tabbas, shi ya sa gidaje da dama ke sayen ƙanƙarar leda. Daskarewa ba ta kashe duk ƙwayoyin da ke haddasa kwalara da taifot. Ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba, a yi amfani da ita wajen sanyaya mazubi daga waje kawai. Wadda za a markaɗa, a yi ta da tafasasshen ruwa.

Haka kuma, a sha haɗin nan take. Ruwan 'ya'yan itace mai zaƙi idan ya daɗe cikin zafi yakan fara tsima, kamar yadda kunun zaƙi ke yi idan ya kwana a waje. Masu ciwon suga kuwa su bar mazarƙwailar, zaƙin mangwaron ma su sha shi daidai gwargwado.