Ribar da Ke Zubewa a Ƙasa: Hanyoyin Rage Ɓarna a Masana'antun Buhu, Kwali da Leda

Ba a cika tunawa da buhu ko kwali ba, sai ranar da ya fashe. Ɗan kasuwar da ya yi lodin katan-katan na sabulu daga Aba zuwa kasuwar Singa ta Kano ya san haka, domin kwalin da ya lotse a ƙasan mota asara ce daga aljihunsa, kuma ba lalle ne ya sake komawa wurin wanda ya sayar masa ba. Kusan duk abin da ake sarrafawa a ƙasar nan, tun daga siminti da takin zamani har zuwa magani da ruwan leda, sai an zuba shi cikin wani mazubi kafin ya isa kasuwa. Saboda haka halin da masu ƙera waɗannan mazubai suke ciki, a Ikeja da Agbara da Ota da Aba, da kuma Sharaɗa da Challawa a Kano, ya shafi kowane mai masana'anta da kowane ɗan sari.

Shekarun baya-bayan nan sun zo wa waɗannan masana'antu da tsanani. Bayan da gwamnati ta bar kasuwa ta riƙa tsayar da darajar naira a watan Yuni na 2023, dalar Amurka ta tashi daga wajen naira 460 zuwa fiye da naira 1,500 a farkon 2024. A watan Afrilu na 2024 kuma aka ƙara kuɗin wutar lantarki ga masu amfani da ita na rukunin farko, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kan kowane ma'auni. Galibin takardar da ake yin kwali da ita daga waje ake shigo da ita, kasancewar masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku-Iboku sun daɗe ba sa biyan bukatar ƙasa. Ta fannin roba an ɗan sami sauƙi, tunda kamfanin Indorama da ke Eleme yana samar da ƙwayoyin roba, matatar Ɗangote ma ta fara samar da irin wadda ake saƙa buhu da ita a 2025. Duk da haka farashinsu yana bin na kasuwar duniya ne.

Mai masana'anta ba shi da iko a kan dala, ba shi da iko a kan kuɗin wuta. Abin da yake da iko a kai shi ne abin da ke faruwa tsakanin ƙofar da ɗanyen kaya suka shigo da ƙofar da ƙerarrun kaya suka fita. A nan ne riba take zubewa, kuma a nan ne za a iya tare ta.

Inda asarar take ɓuya

Marigayi Taiichi Ohno, injiniyan da ya tsara salon aikin kamfanin Toyota na Japan, ya kasa ɓarna gida bakwai: ƙera abin da ba a yi oda ba, zaman jira, yawan ɗauke kaya daga wuri zuwa wuri, aikin da ya wuce bukata, tara kaya a sito, kai-komon ma'aikaci marar amfani, da kuma kayan da suka fito da aibu. Duk wanda ya taɓa shiga masana'antar leda zai gane su. Idan wuta ta ɗauke, narkakkiyar roba takan sandare a cikin injin, sai an sake ɗumama shi an tura ta waje kafin aiki ya daidaita. Idan aka canja launi ko tambarin abokin ciniki, mitoci masu yawa na leda sukan lalace kafin bugun ya zauna. A masana'antar kwali kuwa, takarda takan sha danshi da damina, ta bushe da hunturu, kwalin ya fito a karkace idan ba a daidaita zafi da gam ba.

Akwai wata ɓarnar da ba a gani da ido, watau kaurin da ya wuce ƙa'ida. Ana sayen ƙwayoyin roba da nauyi, amma sau da yawa ana sayar da buhu da ƙidaya. Idan injin yana fitar da zare ko leda mai kauri fiye da wanda aka yi yarjejeniya a kai, to kamfani kyauta yake rabawa bai sani ba. Idan kuma ya yi siranta, buhun zai yage a hannun 'yan dako, a dawo da kaya.

Awo kafin magani

Matakin farko shi ne awo. Tun a 1924 Walter Shewhart na Amurka ya fito da dabarar ɗaukar samfuri lokaci-lokaci, a auna shi, a ɗiga sakamakon a kan takarda mai iyaka sama da ƙasa. Muddin ɗigon yana tsakanin iyakokin, a bar injin ya yi aikinsa. Da zarar ya fara karkata gefe guda, sai a tsaya a nemi dalili tun kafin a tara tulin kayan da za a zubar. Wannan darasi ne W. Edwards Deming ya kai wa masu masana'antun Japan a 1950, kuma ba ya bukatar komai fiye da sikeli, da ma'aunin kauri, da takarda, da ma'aikacin da aka koya wa cika ta da gaskiya.

Akwai kuma lissafin da ke nuna ainihin amfanin da ake samu daga injin. A ɗauka, alal misali, injin ya yi aiki kashi 80 cikin 100 na lokacin da aka tsara masa, yana gudu da kashi 80 cikin 100 na saurinsa, kuma kashi 95 cikin 100 na abin da ya fitar ne ke da kyau. Kowane adadi shi kaɗai ba abin tayar da hankali ba ne. Amma idan aka ninka su uku, sai a ga kashi 61 cikin 100 kacal ake mora. Ma'aunin da masana suka saba kafawa ga masana'antar da ta ƙware shi ne kashi 85. Mai kamfanin da ya yi wannan lissafi yakan gano cewa sabon injin da yake neman rancen banki domin ya saya yana ɓoye a cikin tsohon.

Gajarta lokacin canjin aiki

Masana'antar mazubai ta bambanta da sauran da cewa kowane abokin ciniki da girmansa da launinsa da rubutunsa. Saboda haka injin yakan tsaya sau da yawa domin a canja faranti da tawada da wuƙaƙen yanka. Shigeo Shingo, wani injiniyan Japan, ya nuna cewa yawancin wannan lokaci yana tafiya ne a kan ayyukan da za a iya yi tun injin yana gudu, kamar haɗa tawada, da kawo faranti kusa, da jera kayan aiki. Burinsa shi ne a kammala canji cikin ƙasa da minti goma. Ko da ba a kai ga haka ba, rage awa biyu zuwa minti arba'in yana ba kamfani damar karɓar ƙananan oda ba tare da faɗuwa ba, kuma yana rage man da janareta ke sha a banza.

Wannan yana tafiya tare da abin da Japanawa ke kira kaizen, watau gyara kaɗan-kaɗan kullum, wanda ya dogara ga shawarar mutumin da ke tsaye a gaban injin. Shi ne ya san ƙarar da injin ke yi kwana biyu kafin ya lalace. Inda ake yanke wa ma'aikaci albashi a kan kowane kuskure, ɓoye kuskuren zai yi, kuma takardar awo za ta zama ƙarya tsagwaronta. Manyan kamfanoni sukan ƙara da tsarin Six Sigma, wanda kamfanin Motorola ya fito da shi a 1986, mai burin kada aibu ya wuce 3.4 a cikin miliyan. Amma wannan na bukatar horo da kuɗi, kuma ba shi ne mafarin ƙaramin kamfani ba.

Abin da kasuwa ke nema

Wani lokaci inganci shi ne hajar baki ɗaya. Buhun adana wake na PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, kuma ake ƙera shi a Kano, leda biyu ne a cikin saƙaƙƙen buhu. Amfaninsa shi ne hana iska shiga har ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. Huji ɗaya ko liƙin da bai kama ba ya isa ya jawo wa manomi asarar amfanin shekara.

Hukumomi ma suna ƙara matsawa. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, watau SON, da hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, suna da ƙa'idoji kan mazubi da rubutun da ke jikinsa. Gwamnatin Jihar Legas ta haramta robar zuba abinci ta soso a watan Janairu na 2024. Manyan masu saye kuwa, musamman na ƙasashen waje, sukan nemi takardar shaidar ISO 9001 kafin su ƙulla ciniki. Sai dai takardar da aka rataye a ofishin manaja ba ta hana buhu yagewa idan ba a bin abin da ke rubuce a cikinta.

Shawarar da ta fi sauƙin ɗauka ita ce a zaɓi injin guda, a yi wata ɗaya ana auna nauyin tarkacen da yake zubarwa, ana rubuta kowace tsayuwa da dalilinta, sannan a mayar da adadin zuwa naira. Daga nan sai a fara da matsalar da ta fi cin kuɗi, a bar sauran sai an gama da ita. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a wannan sana'a kuɗin rigakafin bai wuce na sikeli da littafin rubutu ba.